Ɗan Cin Rani Ya Daina Dawowa

Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

A da, in an gama kaka an cika rumbu, samari su tafi birni cin rani. Da hadari ya fara haɗuwa, sai ga su gida ana sharar gona. Yau fa? In sun tafi, sun tafi ke nan. An bar wa tsofaffi fartanya.

Kafin in shiga aikin jam'iyya, malamin makaranta ne ni a ƙauye. Yaran da na koya wa karatu da lissafi, na tarar da su a Kano, wannan na ga-ruwa, wancan na dako, kwana a rumfar kasuwa. Ban ga laifinsu ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wata bakwai babu ruwan sama, babu sana'a, me yaro zai zauna ya ci?

To, birnin ma ya cika ya batse. Masaƙun Kakuri a Kaduna sun rufe, haka masana'antu da yawa a Sharaɗa da Bompai. Acaɓar da ake taƙama da ita, an hana ta a birnin Kano a 2013, an hana a ƙananan hukumomi 6 na Legas a 2022.

Alkawari kuwa mun sha shi. An yi shirin ciyar da ƙasa a 1976, an yi na bunƙasa noma a 1980. Duk da haka, rani na yi, samari su ɗaura ƙunshi.

Amma ku dubi dam ɗin Tiga da aka gama a 1974. Ruwansa ya kai Kadawa da Kura da Bunkure, ana noman shinkafa da alkama da tumatir da rani tsaka. Can baƙi ma zuwa suke neman aiki. Ashe maganin cunkoson birni a ƙauye yake.

Saboda haka, duk ɗan takarar da ya zo muku, namu ko na wasu, ku tsare shi a ƙofar mai gari. Ina ruwan noman rani? Ina hanyar fitar da amfani kafin ya ruɓe? Yaushe taki zai iso, kafin shuka ko bayan girbi? In ya kawo atamfa da sabulu a maimakon amsa, kun san shi.

Ranar zaɓe ku fito, maza da mata. Allah Ya dawo mana da 'ya'yanmu gida lafiya, amin.