Jinyar Tsofaffi A Gida: Giɓin Da Ya Rage A Tsarin Lafiyar Jigawa

A fannin gine-ginen kiwon lafiya, yankin Jigawa ta tsakiya bai yi baya ba. Dutse na da babban asibiti da asibitin Rasheed Shekoni, Birnin Kudu na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya, Jahun kuma na da makarantar horar da ma'aikatan lafiya. Sai dai dukkansu an gina su ne a kan zato guda: cewa marar lafiya zai iya kawo kansa.

Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye a wani ƙauyen Kiyawa ko Miga ba zai iya ba. Bayan an sallame shi daga asibiti, jinyarsa kan koma hannun matarsa, wadda ita ma ta manyanta, ko 'ya, ko matar ɗa. Ba ƙauna ce ta yi ƙaranci ba, sanin aikin ne babu. Ba kowa ya san cewa wanda ya daɗe a kwance yana bukatar a riƙa juya shi duk bayan kimanin sa'a biyu ba, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige ta ɗaye ta zama gyambo. Haka nan da yawa kan daina shan maganin hawan jini da zarar ciwon kai ya lafa, har sai bugu na biyu ya zo.

A takarda ba a manta da tsofaffi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sanya su cikin masu rauni da ya kamata a ɗauke wa nauyin magani. Amma katin inshora sai a bakin ƙofar asibiti yake aiki. Ba ya biyan kuɗin motar da za ta ɗauko tsohuwa daga Buji, balle ya aika mata ma'aikaciyar jinya.

Abin lura shi ne ziyarar gida ba baƙuwa ba ce a Jigawa. Masu allurar shan inna sun shafe shekaru suna bin gida-gida, kuma shiga cikin al'umma na daga cikin aikin da aka horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko a kansa. Hankalin waɗannan shirye-shirye ya karkata ga uwa da jariri, kuma da dalili, ganin yawan mace-macen haihuwa a Arewa maso Yamma. Ma'aikaciya kan shiga gida ta duba jinjiri, ta wuce ɗakin kakarsa.

Brazil ta ɗauki wata hanya tun 1994, inda aka raba wa ma'aikatan unguwa gidajen da za su riƙa kewayawa, har da na masu ciwon suga da hawan jini. Jigawa na da mazaɓu 287 da za a iya ɗora irin wannan tsari a kansu, da rajistar tsofaffin da ke kwance a kowace mazaɓa, wadda masu unguwanni za su iya haɗawa cikin 'yan kwanaki.

Cikas ɗin shi ne ƙarancin ma'aikata. A ƙaramin asibitin da mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da shi, fita ziyara na nufin rufe ƙofa. Muddin gwamnatin Malam Umar Namadi ba ta ware ma'aikata maza da mata domin wannan aiki ba, tare da babur da kuɗin mai a cikin kasafi, ziyarar za ta tsaya ga masu halin ɗauko ma'aikacin jinya da kuɗinsu a cikin garin Dutse.