Muryar Tsoho Da Kukan Raksha

A wannan wata zan ajiye zancen makaranta a gefe, in yi magana a kan wani ɗan abu wanda bai kai kan yatsa girma ba, amma rashinsa ya jawo mini hasarar da har yau ban daina jin zafinta ba.

A farkon shekarar 2023, kafin yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, na zaunar da ƙanen kakana a tsakar gidanmu a nan Umbadda domin ya ba ni labarin zuwansu wannan ƙasa. Yana yaro suka taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar aikin hajji, a ƙasa da jakuna, suka bi ta Maiduguri da Fort Lamy wadda yau ake ce wa Injamena, suka ratsa Abeshe da Jinena da Fashir, har suka iso Jazira suka tsaya tsinkar auduga don neman guzurin ƙarasawa bakin teku. Guzurin nan bai taɓa cika ba, shi ya sa muke nan. Na jingina wayar hannu a kan kujera, kamar mita 3 daga inda yake, don hoton ya ɗauko shi duka da rawaninsa da sandarsa. Ya yi kusan awa guda yana magana, har da sunayen rijiyoyin da suka kwana da na mutanen da suka binne a hanya.

Hoto kam ya fito tas. Amma da na kunna don in saurara, abin da na ji shi ne kukan raksha a bakin titi, da mai karon ruwa yana buga ganga, da yara, da iska tana hura kamar ana yaga takarda. Muryar tsoho tana can ƙarƙashi, kalma ɗaya ta fito, uku su nutse. Na ce ba komai, ma sake wata rana. Allah ya yi masa rasuwa muna gudun hijira, abin da ya rage mini shi ne leɓɓansa suna motsi.

To, laifin ba na waya ba ne, nawa ne, kuma lissafi ne da nake koya wa yara. A fili, idan ka ninka nisa sau biyu, ƙarfin muryar da ke isa ga makirufo sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Tsakanin mita 3 da santimita 20 akwai ninki 15, wato da na sa makirufo a ƙirjinsa, da muryar ta fi ƙarfi sama da sau 200, alhali kukan raksha yana nan yadda yake. Makirufon da ke cikin waya ba ya zaɓe, duk abin da ya zo masa daga kowace kusurwa ɗauka yake yi. Saboda haka kafin a yi zancen tsada ko sunan kamfani, maganar farko ita ce kusanci da baki.

Ga mai son ɗaukar hira da dattijo, ko wa'azi, ko darasi ga ɗaliban da suka warwatse, ni dai shawarata ita ce ɗan makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, mai doguwar igiya. Akwai samfurin Boya BY-M1 wanda igiyarsa ta kai mita 6, ta isa ka kafa waya nesa ka sami hoto mai kyau, murya kuma tana kusa. Yana da ɗan makunni na zaɓar waya ko kyamara, sai a duba shi kafin a fara. Wanda ba ya da igiya ya fi burgewa, samari kuma shi suke so, amma fa sai an yi masa caji, shi da abin da ake sokawa a waya. A unguwar da wutar lantarki ba ta da tabbas, na fi amincewa da igiya. Shi kuwa babban na riƙewa a hannu, irin na masallaci, yana da amfani a wurin biki ko zikiri inda hayaniya ta yi yawa, muddin ana riƙe shi dab da baki, sai dai ba ya shiga waya kai tsaye, sai da mahaɗi.

A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Ka dubi bakin igiyar da kyau. Na waya yana da zobe baƙi uku, na kyamara yana da biyu. In ka soka mai zobe biyu a waya, sau da yawa ba za ta gane shi ba, sai ta ci gaba da ɗauka da nata na ciki, kai kuma kana ganin komai lafiya. Wayoyi da dama na yanzu ma ba su da wannan rami sam, kamfanin Apple ya cire shi tun 2016, wasu suka bi sahu, don haka sai an nemi ɗan mahaɗin da ke shiga ramin caji. Da can sai mu ce a leƙa Suk Libya, amma kowa ya san abin da yaƙi ya yi wa wannan kasuwa. Ko ina dai za ka saya, tafi da wayarka, ka soka, ka ƙwanƙwasa kan makirufon da farce kana ɗauka, sa'an nan ka saurara a gaban mai shago. In ƙwanƙwasar ba ta fito da ƙarfi ba, mayar da kuɗinka aljihu. In kuwa wani ɗan'uwa ne zai aiko maka daga Saudiyya ko Masar, gaya masa irin wayarka tukuna.

Wanda ba shi da halin saye, samma'ar kunne mai igiya da take zuwa da waya tana da ɗan makirufo a jikinta, a maƙala ta da fil a wuyan jallabiya, ta fi babu nesa ba kusa ba.

Wajen aiki kuma, a sa shi kamar taki ɗaya ƙasa da haɓa, kada gemu ko gefen mayafi ko carbi ya riƙa gogarsa. Kada a cire ɗan soson da ke kansa, shi ne maganin iska, ko da yake ranar da habub ta taso babu soson da zai yi, sai a haƙura. A kashe fanka da mukayyif na ɗan lokaci, gumin minti 20 ba ya kisa. Wani abin da na gano da mamaki shi ne, ɗakin ƙasa mai angarib da tabarmi da tufafi a rataye ya fi salon siminti mai tayil daɗin murya, domin shi salon amsa-kuwwa yake yi, kamar ana magana cikin randa. A sa waya a alamar jirgin sama don kada kira ya katse ɗauka. Sa'an nan a ɗauki minti guda na gwaji a saurara da samma'a. Wannan minti ɗaya shi ne abin da ban yi ba.

Iyayenmu da suke aika wasiƙar kaset zuwa Makka da Kano a shekarun 1980 sun san wannan ba tare da an koya musu ba, rikoda a kan cinya suke ɗora ta, su rufe ƙofa, su kori yara. Mu ne da muka sami hoto muka ja da baya don rawani ya fito.

Tun da muka dawo gida na ƙidaya tsofaffin harar tamu waɗanda suka zo da ƙafarsu daga yamma, ko suka ji labarin daga bakin wanda ya zo, ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Akwai wata gyatuma a cikinsu da aka haifa a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Na nemi izninta da na 'ya'yanta, ta yarda, amma ta ce ban da fuskarta. Na ce Inna, muryar nake so. Mun sa ranar Juma'a da hantsi, kafin rana ta yi zafi a nemi fanka, kuma da mun gama zan tura wa jikokinta biyu da ke wasu garuruwa, don kada ta zauna a waya ɗaya.