Tawadar Da Ba A Damawa Da Mu

Kullum in littafi ya yi tsada, marubuciya ake zagi. In rubutu ya dusashe har mutum ya kai shafi bakin taga yana ƙanƙance ido, mai injin ake zagi. Ni kuwa na ce ba a nan gizo ke saƙar ba. Yau zancen tawada zan yi, abin nan da kowa ya raina, alhali in babu ita babu littafi, babu jarida, babu ko katin gayyatar biki.

Tawadar da injin maɗaba'a yake sha ba irin ta biro ba ce. Kauri gare ta, kuma haɗi ce: garin launi, da danƙon da ke riƙe shi, da mai, sai 'yan sinadaran da ke sa ta bushe. Baƙin launin daga dagwalon man fetur ake ƙono shi. Ja da shuɗi da rawaya kuwa, mafi yawansu a Sin da Indiya ake yin su. Ke nan tun ba a je ko'ina ba, kun ga igiyar ba a hannunmu take ba.

To su wa ke riƙe da kasuwar? 'Yan tsiraru ne, kuma zamansu zaman kashin dankali ne, babba ya danne ƙarami. A 1986 kamfanin DIC na Japan ya saye harkar tawadar Sun Chemical ta Amurka. A 1999 ita Sun Chemical ta haɗiye Coates. A 2005 aka haɗe Flint Ink na Amurka da wani kamfanin Turai da ya gaji sashen tawadar BASF, aka samu Flint Group. A shekarar dai hubergroup na Jamus ya saye mafi yawan hannun jarin Micro Inks na Indiya. A 2021 kuma DIC ya koma can tushe, ya saye sashen launi na BASF.

Kada ku ɗauka don jin daɗi suke wannan haɗiye-haɗiyen. Su ma a matse suke ta ko'ina. Masu sayar musu da launi suna iya shaƙe su: a 2018, da hukumomin Sin suka rufe masana'antun sinadarai saboda gurɓata muhalli, wasu kayan haɗin tawada sun yi wuya a duniya. A 2024 Heubach na Jamus, babban mai yin launi, ya durƙushe, sai Sudarshan na Indiya ya saye shi a 2025. Masu saye a wajensu kuma manyan kamfanoni ne da suke ɗibar kaya da yawa, su taya yadda suka ga dama, in ka ƙi su tafi wajen abokin gasarka. Ga kuma kishiya an yi wa takarda, wato waya da intanet, jaridun Turai da Amurka sai raguwa suke.

Da suka ga haka sai suka juya wa littafi baya, suka fuskanci ledar biskit da kwalin madara da gwangwani, domin mutum zai iya karanta labari a waya amma ba zai sha madara a waya ba. A 2005 an kwashe madarar jarirai daga kantuna a Italiya saboda wani sinadarin tawadar kwali ya ratsa cikinta. Tun daga nan tawadar da ba ta gurɓata abinci ta zama makamin gasa, ƙaramin kamfani marar ɗakin gwaji ba zai iya shiga ba. Har ma'aikacinsu suke ajiyewa a masana'antar babban abokin ciniki yana haɗa masa launi, don ya yi masa wuya ya sauya gida. Wannan ita ce dabara, jama'a. Mutanen nan ba barci suke ba.

Mu fa? Mu ne 'yan kallo. Tun daga 1986 da aka fara karya darajar naira, har zuwa 2023 da aka sake ta, duk faɗuwar da ta yi sai ta bayyana a kan gwangwanin tawada. Ko masu haɗa ta a cikin ƙasar nan, da dala suke shigo da launin.

Abin da ke ƙona min rai shi ne muna da kayan aikin. Ƙaron nan da malam yake jiƙawa ya haɗa tawadar allo, shi ake shafa wa farantin bugawa don tawada ta kama inda ake so kawai. Sudan ce kan gaba wajen samar da shi a duniya, Chadi da Nijeriya suna biye. A 1987 wata jarida a jihar Iowa ta Amurka ta fara bugu da tawadar man waken suya, bayan tsadar fetur ta shekarun 1970 ta koya musu hankali. Mu ba ma noman waken suya a Binuwai da Kaduna? Ba mu da ɗanyen mai? Sai dai mu loda a buhu da jirgi mu kai musu, su dawo mana da shi a gwangwani mu biya ninkin-ba-ninkin. Na san yin launi aiki ne mai cin jari. Amma Indiya ba da girmanta ta fara ba, kuma ga shi yau Turawa suna sayen kamfanoninta, tana sayen nasu. Attajiranmu kuwa, Alhaji ya fi son ya yi odar kwantena yau ya kwashi riba jibi.

Wani zai ce, ai Hajiya takarda ce ke cin kuɗin littafi, tawada kaɗan ce. Gaskiya ne, shi ya sa ma ban ga uzurin wasu masu injin da suke sayen mai araha su kuma tsinka ta da kananzir ba. Sun tsimi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sun ɓata takarda mai tsada, sun ɓata sunan marubuciya, sun cuci yarinyar da ta tara kuɗin tararta ta sayi littafin. Araha ba ta ado.

Don haka 'yan'uwana marubuta, kafin ki biya kuɗin bugu ki nemi shafin gwaji, ki goga da yatsa, ki ajiye shi shaida. Masu maɗaba'a kuma, manyan can sun gane mai sayen da yawa shi ke yanka farashi, ku me zai hana ku haɗa kuɗi ku yi oda ɗaya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu hali kuwa, ku dubi ƙaro da waken suya da idon mai masana'anta.

Allah Ya sa mu gane. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.