Takalmi a hannu, ƙaya a ƙafa

Yara, idan aka buɗe makaranta cikin watan Oktoba, kowane uba ya san abin da zai saya ma ɗansa: allo, alli, kaye da bik. Takalmi kuwa sai a ce a bari sai Salla ta zo. Ni a ganina wannan lissafi bai yi daidai ba. Takalmi kayan makaranta ne kamar allo. Allo yana aiki cikin aji, takalmi shi ke kawo yaro har cikin ajin. Yaron da ƙafarsa ta kumbura yana kwance gida, allonsa yana rataye, ƴan ajinsu kuwa sun wuce shi da darasi goma.

Ku dubi ƙasar da muke takawa. A nan Tabotaki da sauran garuruwan Adar, tun daga Buza har Keita, ƙasarmu ta duwatsu ce. In ka hau tudu, tsakuwa ce mai kaifi. In ka gangara, ga ƙayar aduwa, ga ta bagaruwa, ga tsidau kwance yana jira. Tun shekarar 1984 da aka soma babban aikin raya karkara na Keita, an jera duwatsu cikin gonaki don tare ruwa, an dasa itatuwa masu ɗimbin yawa. Alheri ne babba, sai dai da yawa cikin itatuwan nan masu ƙaya ne, kuma ƙaya ba ta san ɗan makaranta ba.

Kowane lokaci na shekara da tasa wahala. Da kaka, daidai buɗe makaranta, ƙarangiya ta nuna, karan hatsin da aka sare ya bar tsini cikin gona. Da ɗari iska ta busar da fata, diddige ya tsage, faso ya kama. Da bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 cikin inuwa, rairayi kuwa ya fi haka nesa. Kun san gudun da kuke yi daga inuwa zuwa inuwa in an tashi da tsakar rana. Da damina kuma ga laka, ga cin ruwa.

Wani dattijo zai ce: «Mu da muka tashi ba takalmi fa? Kaushinmu shi ne takalminmu.» Baba yana da gaskiyarsa. Kaushi yakan tare ƙarangiya da ƙananan tsakuwa, kuma tafiya ba takalmi cikin gida, bisa rairayi mai tsabta, tana ƙara ma ƙafar yaro ƙarfi. Amma hanyar da Baba ya taka yana yaro ba ita muke takawa yau ba. Yanzu ga fasasshen kwalba, ga gwangwanin tumatir, ga ƙusa, ga waya, ga reza da aka yar. Babu kaushin da ke tare ƙusa.

Akwai kuma abokan gaba biyu da ido ba ya gani.

Na farko wata ƴar tsutsa ce ta ciki. Ƙwanta yana fitowa cikin bayan gidan mai ɗauke da ita. In mutum ya yi bayan gida a fili, ƙasa kuma tana da danshi, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ƴan tsutsotsin ƙanana ne ƙwarai, ba a ganinsu. Yaro ya taka wurin ba takalmi, sai su huda fata su shiga. Jini ya kai su huhu, su hau maƙogwaro, a haɗiye su, su sauka cikin hanji. Can suke maƙalewa suna shan jini. Yaro ya yi ta ramewa, cikin idonsa ya yi fari, ya riƙa gyangyaɗi cikin aji, a ce raggo ne, alhali jininsa ne ya ragu. Tsutsar nan ta fi son damina da wuraren danshi, kamar fadama, lambunan albasa da bayan gari. Shi ya sa nake cewa ko da yaro bai sa takalmi ko'ina ba, to ya sa shi in zai zagaya.

Na biyu ita ce cutar sarƙe-haƙora, wadda likitoci ke kira tetanos. Ƙwayarta tana zaune cikin ƙasa da cikin kashin bisashe. Ta fi son rauni mai zurfi mai ƙaramin baki, irin na ƙusa ko na doguwar ƙaya, inda iska ba ta shiga. Bayan ƴan kwanaki sai muƙamuƙi ya sarƙe, wuya ya sandare, jiki ya riƙa ƙagewa. Cuta ce mai kisa. Allurar da ake yi ma jinjiri yana da sati 6, sati 10 da sati 14 tana kare shi daga ita, amma ƙarfinta yana raguwa da shekaru. Don haka duk wanda ƙusa ta soke, a kai shi likita ranar, a gaya masu abin da ya soke shi.

To, ga wani abin mamaki da ake gani bisa hanyoyinmu. Yaro yana da takalmi, amma ya riƙe shi a hannu, ko ya ɗora shi bisa kai tare da kaye. Ya taka dutse da ƙaya tun daga ƙauyensu, sai ya zo ƙofar makaranta sannan ya kakkaɓe ƙafa ya sa. In ka tambaye shi mi ya sa, sai ya ce kada ya tsinke a yi masa faɗa gida. Na gane tsoronsa, kuɗi ba su da sauƙin samu. Amma aikin ya juye. Filin makaranta sharewa ake yi, cikin aji ba ƙaya. Inda takalmi ke da aiki shi ne bisa hanya. Takalmi in ya tsinke, baduku ya ɗinke shi cikin ƴan mintoci. Ƙafa in ta yi gyambo, sai a yi wata biyu ana wanki ana ɗauri. Cire takalmi don gaida manya ladabi ne, ku ci gaba da yi. In kun gama gaisuwa, ku maida abinku.

Wane irin takalmi ya dace da ɗan makarantar Adar? A nan ma ina da ra'ayi, ko da yake na san wasunku ba za su so shi ba. Kun fi son sau-ciki mai ƙyalli, irin wanda ake kawowa daga birni. Ni kuwa na fi yabon takalmin taya da takalmin fata na dukawanmu, mai maɗauri a diddige. Ƙasansa yana da kauri, ƙaya ba ta huda shi da sauƙi. Iska tana shiga, ƙafa ba ta jiƙewa da zufa. In igiya ta tsinke, ana gyara ta ranar kasuwa. Silifa na roba yana da araha, yana da kyau wajen wanka da zagayawa, amma ƙayar aduwa tana ratsa shi kamar tuwo, kuma ba a gudu da shi. Sau-ciki na roba zalla shi ne na ƙarshe wurina: da bazara yana dafa ƙafa, ya kawo wari da cin ruwa. Wanda ya samu sau-ciki na fata ko na yadi, madalla, sai ya sa shi da safa mai tsabta, ya riƙa shanya shi, ya kuma zazzage shi kowace safiya kafin ya zura ƙafa, don kunama tana son kwana ciki.

Abin da ya fi irin takalmi muhimmanci shi ne ya yi daidai da ƙafa. Ƙafar babban mutum tana da ƙasusuwa 26. Taku kuwa ba su gama ƙwari ba, suna cikin girma. Takalmin da ya matse yana tanƙwara yatsu, ya tayar da bororo, ya tura ƙumba cikin nama. Wanda ya yi yawa kuma, irin na «saya masa babba ya girma ciki», yana sa tuntuɓe, yaro ya riƙa jan ƙafa yana ƙanƙame yatsu don kada ya fita.

Ga yadda za ku san awonku. Ku shimfiɗa takarda bisa daɓe. Ku taka ta kuna tsaye, da marece, don ƙafa takan ɗan kumbura bayan yawon yini. Abokinku ya zagaye ƙafar da bik. Ku auna daga diddige zuwa yatsan da ya fi tsawo. Ku auna duka biyu, ku ɗauki wadda ta fi girma. Ku ƙara santimetir 1 don yatsu su samu wurin motsi. Lambar da kuke gani ƙarƙashin takalmi, wadda ake ce ma «pointure» da Faransanci, ba santimetir ba ce: lamba 3 ke yin santimetir 2. Ke nan sai ku ninka awonku sau 3, ku raba 2. Misali, ƙafa mai santimetir 19, a ƙara 1 ya zama 20. 20 sau 3, 60 ke nan. A raba 2, ya ba da 30. Wannan yaro lamba 30 zai sa. Ku sake awo tsakiyar shekara, za ku ga ƙafa ba ta tsaya jiranku ba.

Wannan lissafi yana da amfani ƙwarai gare mu. Gida nawa ne cikin Adar da ba su da wani wajen biɗa, Abijan ko Najeriya ko Libiya? Uba ko wa ya tuna da yaron da ya bari shekara biyu baya, ya sayo masa takalmi mai tsada, ya zo ya iske ƙafa ta wuce shi. Sai a tilasta ma yaro sa shi don kada kuɗi su tafi banza. In kun san lambarku, sai ku faɗa masa ita ta waya kafin ya shiga kasuwa.

Na san akwai gidajen da ko kuɗin silifa babu, balle in damina ba ta yi kyau ba. Game da su maganata ɗaya ce: kada a kori yaro daga aji don ba shi da takalmi, kada kuma ɗan aji ya yi masa dariya. Korarsa ba ta saya masa takalmi, sai dai ta haɗa masa rashi biyu. Abin da ya fi shi ne ƙungiyar iyayen yara ta yi magana da badukun gari, a tara tsofaffin tayoyi, a yanka ma yara gaba ɗaya, ya fi araha. Takalmin da ya yi ma wa kaɗan a wanke shi da sabulu, a shanya shi rana, a ba ƙane.

Da mai takalmi da marar shi, kowa yana iya kula da ƙafarsa. Ku wanke ta kowane dare da ruwa da sabulu. Kun saba wanke ta wajen alwala, abin da kuke mantawa shi ne share tsakanin yatsu. Danshin da ya kwana nan shi ke kawo cin ruwa: fata ta yi fari, ta riƙa ƙaiƙayi, ta tsage. Wanda ya kamu ya bar ƙafarsa ta sha iska, kada ya ara ma kowa takalmi ko safa, in bai warke ba ya je likita a ba shi man shafawa. Mai faso ya jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi, ya goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, ya shafa man kaɗe ko basilin kafin ya kwanta. Kada a yanke kaushi da reza. Ƙumba a yanke ta a miƙe, kada a ƙwaƙule gefenta, kuma kowa da rezarsa.

In ƙaya ta soke ku, kada ku bar ta ku ce za ta fito da kanta. A wanke hannu, a wanke wurin da sabulu. A tafasa hantsaki ko a gasa bakinsa bisa wuta, a bari ya huce, a jawo ƙayar ta hanyar da ta shiga. A sake wankewa, a ɗaure da tsumma mai tsabta. Ina roƙonku, ku kuma roƙi iyayenku mata da ladabi: kada a sa ma rauni ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin batir, ko baƙin man mota. Kashin shanu gidan tetanos ne, sa shi bisa rauni kai cuta ne har inda take so. In wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, ko zazzaɓi ya zo, magana ta wuce gida, sai likita. Haka nan ciwon da ya yi sati biyu bai rufe ba, da ƙafar da ƙaya ke soka mai ita bai ji ba.

Maciji yakan sari mutum a ƙafa, musamman kububuwa da dare ko lokacin aikin gona. In haka ta faru, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da yaron, kada ya taka ƙafar, a ɗauke shi a kai shi likita maza-maza.

Kakanninku za su ba ku labarin kurkunu, tsutsar da ke fitowa a ƙafa ta hana mutum noma damina guda. Ita ta ruwan sha take shiga, takalmi ba ya tare ta. Da tace ruwa da gina rijiyoyi aka yaƙe ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a shekarar 2013 cewa babu ita cikin Nijar. Tsargiya kuwa tana nan, tana shiga ta fata in kun yi wanka ko wasa cikin tabki, ita ma ba ruwanta da takalmi. In an zo raba maganinta da na tsutsar ciki a makaranta, ku ci abinci ku sha, kada ku ɓoye shi cikin aljihu.

Ranar Litinin kowa ya zo da zanen ƙafarsa bisa takarda, da awonta, da lambarsa. Za mu rubuta su bisa babban allo, mu ga nawa ne cikinku ke sa takalmin da ya yi masu daidai. Wanda ke da ciwo a ƙafa kada ya ji kunya, ya nuna mani shi tun da safe, kafin a shiga aji.