Mai ɗaukar hoto da littafinsa na lissafi

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da wuya a yi bikin aure ko suna ba a ga mai ɗaukar hoto ba. Wasu daga cikinsu malaman lakwal ne ko ma'aikatan gwamnati, waɗanda ke wannan sana'a bayan tashi daga aiki domin ƙara wa albashi. Neman na kai abin yabo ne. Sai dai mai sana'ar da ba ya rubuta lissafi bai san ko gaba yake yi ko baya ba.

Kuɗin da aka karɓa a wurin biki ba duka ne riba ba. A cikinsu akwai kuɗin takardar hoto, da tawada, da batir, da man babur, da wutar lantarki. Akwai kuma abin da aka fi mantawa, wato tsufan kyamarar kanta. Idan an saye ta jika 300, ana sa ran ta yi aikin shekara 5, to kowace shekara tana cin jika 60, wato jika 5 a wata. Wanda bai ware waɗannan kuɗi ba, ranar da kyamara ta mutu sana'ar ma ta mutu. Waɗanda suka ga karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 sun san yadda tsadar fim da takarda, da ake shigowa da su daga waje, ta gigita masu sana'ar. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka wajibi ne aljihun sana'a ya rabu da aljihun gida. Littafi guda ya isa: shafin dama na abin da ya shigo, shafin hagu na abin da ya fita, kowane da kwanan wata, a kuma adana rasit na duk abin da aka saya. Dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda Nijar ke bi, sun amince wa ƙaramin mai sana'a da irin wannan lissafi mai sauƙi.

Sai batun lanho. Wasu ma'aikata suna zaton tunda ana cire musu lanho daga albashi, sun sauke nauyi. Wancan na albashi ne kawai. Ribar hoto tana da nata hakki. Babbar Hukumar Lanho ta Ƙasa ita ke ba mai sana'a lambar shaida da ake kira NIF, kuma ƙananan masu sana'a suna biyan lanho na dunƙule gwargwadon ƙarfin cinikinsu. Wanda ke da littafi da rasit yana da hujja a hannu idan aka yi masa ƙima fiye da kima. Lambar nan kuma ita ke buɗe masa ƙofar aikin ma'aikatu da ƙungiyoyi, domin masu biyan kuɗi a can sukan nemi takardar ciniki mai ɗauke da ita.

Yau wayar hannu ta mai da kowa mai ɗaukar hoto, riba ta ragu. A irin wannan hali, kowace dala sai an san inda ta shiga. Wanda ya koyi karatu da rubutu a makarantar yaƙi da jahilci ya riga ya mallaki abin da ake bukata. Ya sayi littafi, ya fara rubutawa tun daga bikin da ke tafe, sannan ya je ofishin lanho na garinsu da ƙafarsa tun ba a zo nemansa ba.