Uwargida, Lafiyar Tsohuwar Motar Gida Ta Shafe Ki

'Yan'uwa mata, a wannan mako muna so mu jawo hankalinku ga wani abu da yawancinmu muka ɗauka ba ruwanmu da shi, watau lafiyar motar maigida. Alhali kuwa ita ce ke kai yara makaranta, ita ce ke kai ki asibiti da tsakar dare in naƙuda ta taso. Ranar da birki ya ƙi ci, ke da 'ya'yanki kuna ciki.

Gidaje da yawa tsohuwar mota suke lallaɓawa, kuma ba abin kunya ba ne. Dubi Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna a da, inda masana'antar ta fara aiki a 1975. An daina haɗa ta tun 2006, amma har yau ana ganin wasu a kan hanya. Kulawa ce ta kawo su yau.

To, me za ki iya yi? Sau ɗaya a mako, da safe kafin a ta da inji, a buɗe bonet. A zaro sandar awon baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun nan. In kin ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, sai a kira makaniki tun kafin inji ya buga. A duba ruwan lagireto da man birki, a taɓa fambel a ji ko ya saki ko ya tsattsage. Amma ki kiyaye, kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin tafasasshen ruwa zai watso wa mutum a fuska.

Sai tayoyi. A kai wa mai faci ya auna iska, har da ta safaya, wadda aka fi mantawa da ita. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa takan fashe da zafin bazara ko da zanenta bai suɗe ba.

Akwai kuma aikin gareji. Tsohuwar mota tana son juyen mai kamar bayan kilomita 5,000 ko wata shida, man birki kuwa duk shekara biyu. Da hunturu ƙura kan toshe matatar iska, kafin damina kuma a duba waifa da fitilu. Ki nemi ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da aka yi kowane aiki, yadda kike lissafin cefane. In lokaci ya yi, ki tuna wa maigida cikin ladabi da lafazi mai daɗi. Kuɗin juye kaɗan ne in aka gwada shi da kuɗin sauke inji, kuma in injin ya buga, tukunyarki ce za ta fara ji a jikinta.

Ku kuma 'yanmata 'yan makaranta, in Baba ya buɗe mota ku matso ku yi tambaya. Gobe ku ne malamai da ma'aikatan jinya masu tuƙa kanku zuwa aiki.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, amin.