ZAUREN 'YAN MATA: Kar Ki Raina Mai Wankin Kwalba

  

Yau dai na jingine zancen samari da lefe a gefe, kar ku harare ni, zan ja hannunku mu leƙa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, wanda muka fi sani da lab. Maganata kuwa a kan mutumin nan ce da kuke tararwa a ciki kullum, da farar rigarsa har gwiwa da tarin makullai a aljihu. Ba ya shiga aji, ba ya ba da maki, don haka ma ba kowa ke gaishe shi ba, 'yan mata sun laƙaba masa suna wai mai wankin kwalba. To ƙanwata, ki riƙe wannan tun daga farko: sakamakonki na firaktikal da lafiyar idonki da ta hannunki duk a hannun wannan bawan Allah suke.

Bari mu fara da abin da ya fi tsinka zuciyar 'yan ajin ƙarshe, wato firaktikal ɗin kemistiri na WAEC da NECO. Kin shigo kin tarar da teburinki a shirye tsaf. Ga doguwar kwalbar nan mai famfo a ƙasa, biyuret, mai cin mililita 50, ga fifet mai ɗaukar 25, ga ruwa kala biyu an liƙa musu A da B. Aikinki ki ɗiga asid a cikin ɗaya ruwan har launinsa ya juya daga ruwan ɗorawa ya koma ruwan goro, ki karanta lamba ki rubuta. Minti nawa ne? Amma kin taɓa tambayar kanki wa ya haɗa ruwan nan?

Asid ɗin da ake sayowa a kwalba mai ƙarfi ne ƙwarai, ba a isa a miƙa wa ɗaliba shi haka ba, sai an sirka. Irin wanda ake kira haidirokulorik, abin da ake ɗiba a yi lita guda ta ruwan gwaji bai cika cokali biyu na shayi ba, kusan mililita 9 ne. Sodar nan kuwa da iyayenmu ke haɗa sabulu da ita, giram 4 kacal ake aunawa a lita guda. Kuma sodar nan shu'uma ce, da an bar ta a buɗe sai ta fara gumi tana zuƙar danshin iska, nauyinta ya canza, awo ya lalace. Dole mai aunawa ya yi sauri, kuma bayan ya haɗa sai ya sake gwada ƙarfin ruwan kafin ya yarda da shi. In ku ɗari ne kowacce za ta samu mililita 150, lita 15 ke nan, kuma tilas a haɗa shi a mazubi guda a jujjuya sosai, domin na kowa ya zama ƙarfi ɗaya. Dalili kuwa, malaminku na kemistiri zai yi gwajin da ruwan nan shi ma, ya rubuta lambar da ya samu a aika wa masu duba takarda, da ita za a auna taki. Kin ga ke nan in ruwan teburinki ya bambanta da nasa, ko ke ce gwanar ajinku kin faɗi ba da laifinki ba.

Shi kansa wankin kwalbar da ake yi wa dariya, ai ba irin wanke-wanken tsakar gida ba ne. Ɗan ragowar sabulu a cikin kwalba ya isa ya cinye wani ɓangare na asid ɗinki lambarki ta karkace. In akwai maiƙo a jikin biyuret, ruwa zai riƙa maƙalewa ɗigo-ɗigo a bango, ke kina karanta abin da bai sauka ba. Su masu aikin suna da alamarsu: kwalbar da ta wanku, in an zuba ruwa an zubar, sai ki ga ya bi jikinta sumul babu ɗigo ko ɗaya. Ɗauraya ta ƙarshe kuma da tataccen ruwa ake yi, wanda aka dafa ya zama tururi aka sake tara shi, domin ruwan famfo da na rijiya suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke ɓata gwaji.

Sai maganar amana. Kafin ranar jarrabawa hukuma takan aiko wa makaranta da takardar sirri, mai bayanin kayan da za a tanada. Mai kula da lab yana cikin 'yan tsirarun da ke sanin abin da ke cikinta, tunda shi zai nemo ya haɗa. Na san halinmu, a lokacin ne ake fara yi masa fara'a, ana "Baba ina kwana" har da rusunawa, ko zai ɗan tsegunta. Haba 'yan mata! Wanda ya riƙe bakinsa a wannan lokaci mutumin kirki ne, bai cancanci zunɗe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, da tun farkon zango kin je kin roƙe shi ya nuna miki yadda ake riƙe famfon biyuret da hannun hagu ana kaɗa kwalba da na dama, da ba ki buƙaci satar amsa ba.

Wajen tsare lafiya kuwa, nan ne aikin ya fi nauyi. Kusan duk ruwan da ke lab fari ne tas kamar na sha, takardar da ya liƙa a jikin kwalba ita kaɗai ke raba ki da halaka. Ya san wanda ake ajiyewa a kwalba mai duhu domin haske na lalata shi, kamar silba naitiret, wanda in ya taɓa fata yake barin baƙin tabo. Ya san ƙarfen nan mai laushi, sodiyom, a cikin kananzir yake kwana, domin in ya haɗu da ruwa yakan kama da wuta. Ya san sifirit ba ya zama kusa da murhun gas. Babbar dokarsa kuma ita ce, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Salfiyurik, wato uwar ruwan batirin mota, ya fi ruwa nauyi, in kin zuba masa ruwa sai ruwan ya tsaya a sama ya tafasa nan take ya fantsamo miki a fuska.

Lokacin muna aji biyar, wata 'yar ajinmu ta sa baki ta zuƙi ruwan soda da fifet, don ƙyuyar jiran robar zuƙa ta zagayo kanta, sai ga shi ya wuce har bakinta. Mu dai ihu muka sa muna salati. Mai lab ɗinmu ko gezau, ya ce ta tofar, ya kai ta bakin famfo ya tsaya a kanta tana kuskurewa tana zubarwa har muka gaji da tsayuwa, sannan aka wuce da ita ɗakin shan magani. Ta yi kwanaki ba ta iya cin yaji, amma Allah Ya taƙaita. Don haka ki sani, in asid ko soda ya taɓa ki, maganin farko ruwa ne mai yawa, aƙalla minti 15, sannan asibiti. Ban da manja, ban da man goge baki, ban da man shafawa. Soda a ido ma ta fi asid haɗari, domin ita ci take tana nutsawa. Kuma don Allah in ya ce ki cusa hijabinki ko mayafinki cikin farar riga kafin a kunna wuta, kar ki murguɗa baki. Yadin roba in ya kama narkewa yake ya manne a fata.

A ɓangaren bayoloji shi ne mai farautar kwaɗo da fara da kyankyaso, ya jiƙa wasu a ruwan fomalin don kar su ruɓe. Shi zai lissafa kwanaki ya jiƙa wake da masara domin su tsiro daidai ranar darasi. Shi ke lulluɓe madubin ganin ƙananan halittu saboda ƙurar hunturu, da damina kuma ya tsare shi daga danshi don kar gilashin ya yi fumfuna. A fizis ya gwada batura da wayoyi ɗaya bayan ɗaya. In kaya sun yanke, kamar yadda aka saba a makarantu da yawa, sai dabara. Ko kin san zoɓon da kike sha yana iya zama ruwan gwaji? A cikin tsami ja yake jawur, in kin ɗiga masa ruwan kanwa sai ya rikiɗe ya yi duhu yana neman kore. Gwada a gida ki gani, gani ya kori ji.

Cikin wasiƙun da suka iso zauren nan akwai ta wata ƙanwata da ta nemi karatun likita ba ta samu ba, sai kwalejin kimiyya da fasaha ta ba ta kwas ɗin fasahar ɗakin gwaji, wanda ake kira SLT. Ta ce ƙawaye na yi mata dariya, shi kuma wanda zai aure ta ya ce ta haƙura ta zauna, wai me za a yi da wankin kwalba. Ƙanwata, share hawayenki ki karɓi takardarki. Kwas ne na ƙaramar difloma shekara 2, sai ki yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ki koma ki yi babbar difloma wata shekara 2, har ki je bautar ƙasa. Sana'ar tana da hukumarta ta ƙasa, NISLT, wadda aka kafa da doka a 2003, hedikwatarta na Ibadan. Masu wannan karatu suna aiki a makarantu da jami'o'i, da kamfanonin abinci da lemo, da wuraren tace ruwan sha. Sai dai ki sani, gwajin jini da fitsari na asibiti wani kwas ne daban mai lasisinsa, kar wani ya ruɗe ki. Shi kuma malamin naki, ki zaunar da shi cikin ladabi ki yi masa wannan bayani, ki sa manyanki a maganar tun kafin a sa rana. Mai sonki da gaskiya ba zai so ki zauna hannu rabbana ba.

Tun 1977 da Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka yi na 'yan mata irin ta Taura, ake ta gina ɗakunan gwaji a ƙasar nan tamu. Gini da kwalabe kuwa ba sa koyar da kowa sai da mai kula da su. Wa ya fi dacewa ya tsaya a lab ɗin makarantar 'yan mata in ba 'yar uwarsu mace ba, wadda in abu ya zube wa yarinya a jiki za ta taimake ta babu jin nauyi? In kuma raini ne damuwarki, ki ji wannan. A Ingila an yi wani yaro ɗan talakawa mai ɗinkin littattafai, Michael Faraday, wanda a 1813 aka ɗauke shi yaron lab a Landan, yana wanke kwalabe yana jera wa maigidansa Humphry Davy kayan gwaji. Shi ne a 1831 ya gano yadda ake samar da lantarki da maganaɗisu, kuma a kan wannan ilimi janareta da taransifomar unguwarku suke aiki har gobe.

Ga aikin gida na ba ku. Wannan makon kowacce ta je ta gaida mai lab ɗin makarantarsu da sunansa, ta nemi izini ta taya shi jera kaya in an tashi, ta riƙe biyuret da hannunta tun kafin ranar da za a sa mata agogo. In kin fasa abu ki faɗa, kar ki tura ƙarƙashin tebur wata ta taka. Waɗanda kuma makarantarsu lab ɗin kullum a kulle yake, ku haɗu ku sami malaminku cikin ladabi ku roƙi a buɗe, ku kuma gaya wa iyaye su tayar da maganar a taron iyaye da malamai, haƙƙinku ne.

Ina jiran wasiƙunku kamar kullum. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu da rai da lafiya. Taku har kullum, Antinku ta Zauren 'Yan Mata.